Ba don hoto aka yi ciki ba

Iyayenmu da suka daure suka zo, Allah ya ƙara girma. Ƴan'uwana matasa maza da mata, na nan Magarya da waɗanda suka taso daga Dungas, Bande, Waca da Malawa, sannunku da hanya, sannunku da rana.

Da aka ce in yi magana yau a kan lafiyar matasa, wani abokina ya ce mini: "Don Allah kar ka zo mana da wa'azin tramol, mun ji har mun haddace." Na ce to, na ji. Sai na zaɓi maganar ciki. Cikin nan mai layi-layi da muke gani a TikTok da Instagram, wanda ƴan lakwal ke kira abdo, ƴan'uwanmu na ƙetaren iyaka kuma su ce sikis-fak. Tambayata guda ce: layin nan, shi ne ƙarfi? Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya, don haka da kaina zan fara.

Ina shekara ta biyu a jami'a a Damagaram wannan ciwo ya kama ni. Kullum bayan asuba sai in shimfiɗa tabarma, in kwanta rigingine, in tashi, in koma, har sau 300. Na daina cin tuwon dare. Fura ma na yi mata yaji. Cikin wata huɗu sai ga layi sun fito, guda shida cif. Na tsaya bakin taga inda haske ke dukan gefe, na riƙe numfashi, aka ɗauke ni hoto. Wallahi ranar ji na yi kamar an ba ni takobi.

Da kaka ta yi na tafi gida, ƙauyenmu can wajen Dungas. Na tarar da kawuna yana loda buhunan gero a amalanke zai kai kasuwa. Mutum ne da ya haura hamsin, cikinsa kamar tulu, amma ya yi kokowa da ƙuruciyarsa. Na ce: "Haba Kawu, ku zauna ku huta, ga mu nan." Na tuɓe riga, don ina so yaran unguwa su gani. Na sunkuya ƙafafuna a miƙe, na finciko buhu, na juya da shi wajen amalanke. Sai na ji kamar an soka mini wuƙa a ƙasan baya. Buhu ya yi gabas, ni na yi yamma.

Kwana 12 na yi kwance. Salla a zaune, zagayawa sai an riƙe ni. Ma'aikacin lafiyar da ya duba ni ya ce in gode Allah, tsoka ce ta jimu, abin bai taɓa ƙashin baya ba. Ragowar buhunan kuwa Kawu ne ya loda su, shi da wani yaro, ko nishi ban ji ya yi ba. Da dare ya shigo ya zauna kusa da ni, ya dubi cikin nan nawa mai layi shida, ya ce: "Mushe, ai kai ƙofar rumbu ka yi wa ado, ka bar gindinsa gara na ci."

Maganar ta yi mini ciwo fiye da bayan. Da na warke sai na shiga karatu a kan abin, kuma ga abin da na gano.

Tsokar da ke fitar da layin nan guda ce, doguwa, ta taso daga ƙasan ƙirji ta sauka har mara. Wasu jijiyoyi ne suka gitta ta, suka raba ta gida-gida kamar kuyyan gona. Kowa a wurin nan yana da ita, har Kawu, har kakarmu. Yawan gidajen da yadda suka jeru kuwa halitta ce. Wani huɗu za su fito masa, wani shida, wani takwas, wani kuma a karkace. Ko ka shekara goma kana motsa jiki ba za ka ƙara gida ɗaya ba.

To me ya sa na wani ke fitowa, na wani ba ya fitowa? Kitsen da ke tsakanin fata da tsoka. In ya yi kauri ya rufe, in ya ragu sosai layi ya bayyana. Shi ke nan sirrin. Kuma ku ji da kyau: kwanciya da tashi sau 300 ba ya ƙone kitsen ciki shi kaɗai. Jiki ba ya ɗibar kitse daga inda ka nuna masa da yatsa, daga ko'ina yake ɗiba, yadda halittarka ta tsara. Ni ba 300 ɗin ne suka fito mini da layi ba, tuwon da na daina ci ne. Waɗanda kuke gani a waya kuma, da yawansu kafin ranar hoto sai sun rage abinci, sun rage ruwa, sun nemi haske mai kyau, sun matse ciki. Bayan sati guda su kansu ba haka suke ba. Kai kuma kana nan kana auna rayuwarka ta kullum da daƙiƙa ɗaya ta rayuwar wani.

Ƙarfin da ke riƙe mutum, wanda ƴan kokowa ke kira ƙugu, wani gini ne daban. Ku ɗauki tsakiyar jikinku kamar rumbu. Yana da rufi: tsokar numfashi da ke shimfiɗe ƙarƙashin huhu. Yana da daɓe: tsokokin ƙasan mara, masu riƙe fitsari da bayan gida, masu tallafe mahaifa. Yana da bango: wata tsoka can ciki da ta zagaye ciki kamar ɗamara, da tsokokin kwiɓi biyu masu juya jiki da hana shi juyawa, da ƙanana da manyan tsokokin da suka bi ƙashin baya. Sa'an nan ga tsokokin ɗuwawu da ke tura komai daga ƙasa. Idan za ka ɗauki kaya, waɗannan duka sai su ɗaure lokaci guda, iskar da ka shaƙa ta cika ciki, tsakiyar jiki ta yi tauri. Kamar tayar amalanke ce: in da iska ta ɗauki buhu goma, in ba iska ko fentin duniya ka shafa mata ba ta zuwa ko'ina. A duk cikin waɗannan, ƴar tsokar gaba ce kaɗai ke fitowa a hoto. Ita na shekara ina yi wa hidima. Kun ga Kawu bai yi ƙarya ba.

Wanda bai yarda ba, ga fili ga mai doki: mu je filin kokowa. Tun 1975 da aka fara gasar takobi a Tawa, Yakuba Kantu na Maraɗi ya ɗauka, kowace jiha take tura zaɓaɓɓunta. Yau jihohi takwas, kowace da mutum goma. Mu nan Damagaram filinmu ma sunan Langa-Langa ya ci. Ku dubi Kadri Abdu, Isaka Isaka na Doso, da ya ɗauki takobi har sau shida. Ku dubi sauran manyan. Wani siriri ne, wani gajere mai kauri, wani da ɗan tumbinsa. Kun taɓa jin alƙalin wasa ya tsai da kokowa ya ce a ƙirga layin ciki? Abin da ake tambaya shi ne: in an finciko ka, za ka tsaya? In an ɗaga maka ƙafa ɗaya, ɗayar za ta riƙe ka? Wannan aikin ƙugu ne, kuma makaɗan kokowa sun san haka tun kafin a haifi intanet.

Ku leƙa maƙwabta. A Bobo-Dioulasso ta Burkina Faso akwai Cheick Sanou, wanda duniya ta sani da Iron Biby. Yana yaro tsokanarsa ake yi saboda ƙiba. A 2021 ya ɗaga gungume mai kilo 229 sama da kansa, ya kafa tarihin duniya. Cikinsa ba layi ko ɗaya. A gefe guda ga namu Abdulrazak Alfaga, dogo siriri, da ya kawo wa Nijar lambar azurfa daga Rio a 2016, ya zama zakaran duniya a taekwondo a 2017. Jiki biyu da ba su yi kama ba ko kaɗan, amma kowannensu tsakiyarsa dutse ce. Har sojojin Amurka, da suka daɗe suna auna mutanensu da kwanciya da tashin nan, sun cire shi daga jarabawar ƙarfi, tun 2022 abin da ake aunawa shi ne tsawon lokacin da soja zai riƙe jikinsa a miƙe kan gwiwar hannu.

Kar wani ya fita ya ce na zagi masu ɗaga ƙarfe. Sam. Waɗanda suka kalli fim ɗin Zinder na Aïcha Macky, wanda ya fito a 2021, sun ga samarin pale na unguwar Kara-Kara yadda suke gina jiki da tarkacen ƙarfe da siminti. Ni da na kalla tausayi ya kama ni, girmamawa ma ta kama ni. Saurayin da ba shi da aiki, ba shi da takarda, ba wanda ke gaishe shi, abu ɗaya ya rage a hannunsa da zai iya ginawa: jikinsa. Yanzu haka a fadodinmu na Magarya akwai gwangwanayen siminti da aka soka wa bututu. Na fahimci abin, don na yi. Ɗaga ƙarfe abu ne mai kyau, yana ƙarfafa ƙashi, yana rage damuwa, ya fi zaman banza sau dubu. Inda nake da magana shi ne lokacin da madubi ya zama alƙali. Daga nan ne yaro ke fara ƙin abinci. Daga nan ne yake sayen gari a gwangwani wanda bai iya karanta rubutun jikinsa ba, ko ya yarda a yi masa allurar kumbura tsoka a bayan shago. Irin alluran nan suna taɓa hanta da zuciya, suna iya rage wa namiji haihuwa. Kuma abokina ya yafe mini, sai na ambaci tramol: wanda ya sha shi don ya ɗaga abin da ya fi ƙarfinsa, ya kashe ƙararrawar da Allah ya sa masa ne. Ciwon yana nan, ji ne kawai ba ya yi.

Akwai abin da ya fi wannan ci mini rai, kuma ya shafe mu mu ƴan Magarya da Dungas fiye da kowa. Yunwa ma tana fito da layi. Ku je tasha ku dubi yaran da ke dako, ku dubi masu haƙar rijiya. Da yawansu cikinsu gida-gida ne, haƙarƙari a waje. Wa zai ce musu sun ci gasa? A garin nan ne, a watan Satumba na 2018, ƙungiyar likitocin MSF ta shaida wa duniya cewa cikin wata guda kimanin yara 10 ke rasuwa kowace rana a sashen yara na asibitin Magarya, fiye da 700 suna kwance, zazzaɓin cizon sauro da tamowa sun haɗu. Wasunmu ƙannensu ne. Iyayenmu mata sun kwana a tsaye suna roƙon Allah ya ƙara wa yaro rabin kilo. A irin wannan ƙasa ne ni, da na yi sa'a na rayu har na shiga jami'a, na ture kwanon tuwo don in burge mutanen da ban sani ba. In na tuna, kunya nake ji. Saurayi ɗan shekara 16 da jikinsa ke kan girma, in ya hana kansa abinci, ba kitse kaɗai yake rasawa ba, har tsoka, har jini, har kaifin karatu.

Yanzu na hango masu tumbi a baya suna murmushi, suna cewa yaron nan ya faɗi gaskiya. Ku dakata, Alhaji, ban gama ba. Tumbin Kawu daban, tumbin zama daban. Akwai kitsen da ke taruwa can ciki, ya nannaɗe hanji da hanta. Wannan shi ke tafiya da ciwon sukari da hawan jini. Mu da muka yi boko muka samu kujera, muna hawa kabu-kabu zuwa inda kakanninmu ke zuwa da ƙafa, muna shan shayi zagaye uku da sukari kamar za a rufe kasuwa, mu ne abin ke jira. Ga gwaji mai sauƙi, ba sai da dala ɗaya ba. Ka sami igiya, ka yanke ta daidai tsawonka, ka ninka ta biyu, ka zagaya cikinka da ita ɗan sama da cibiya. In bakunan sun haɗu, madalla. In sun ƙi haɗuwa, to faɗin cikinka ya wuce rabin tsawonka, lokaci ya yi da za ka rage sukari da mai, ka ƙara tafiya, ka je a auna jininka. Mai juna biyu ban da ita. Kun ga ke nan ciki yana da muhimmanci. Amma tsakanin tumbi mai haɗari da layi shida akwai fili mai faɗi, kuma a cikin filin nan mafi yawan masu lafiya suke zaune.

Ƴan'uwana mata, ban manta da ku ba. Kasuwar da ke ce wa namiji ya rame ita ce ke ce muku ku yi ƙiba, ta miƙo muku sha-ka-fashe. Wata kuma waya ta ce mata sai cikinta ya shafe kamar faranti, sati biyu bayan haihuwa. Jikin mace an halicce shi da kitse fiye da na namiji, kuma in ya ragu ƙwarai har al'ada tana iya ɗaukewa. Lokacin goyon ciki tsokar gaba takan buɗe daga tsakiya don ta ba ɗa wuri, daɓen nan na ƙasan mara kuma ya sha nauyi. Bayan haihuwa suna bukatar lokaci su koma. Macen da ta koma ɗaukar bido mai lita 25 da daka tun jikinta bai haɗe ba, ita ce gobe za ta riƙa fama da ciwon baya, ko fitsari ya riƙa zubo mata in ta yi tari, ta yi shiru don kunya. Wannan yana da magani, a je likita a faɗa.

Nan kuma zan juyo gare mu maza. Lita 25 kilo 25 ne. Kai kana fada kana ɗaga siminti kana kirari, mahaifiyarka ko matarka mai jego tana ɗauko kilo 25 a ka daga famfo, sau huɗu, sau biyar a yini. To wa ya fi wani ƙugu? In motsa jiki kake nema, ga shi nan kyauta: karɓi bidon. Ka samu ƙarfi, ka samu lada, ita kuma bayanta ya huta.

Kar ku ɗauki ciwon baya wasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 mutum miliyan 619 ke fama da ciwon ƙasan baya, kuma shi ne kan gaba wajen nakasa mutane a duniya. A can Turai wanda bayansa ya riƙe yana da takardar hutu da inshora. Manomin Dogo-Dogo fa? In bayansa ya riƙe ranar da ruwan shuka ya sauka, ko lokacin noman farko, damina ba ta jiransa. Bayan mutum ɗaya shi ne rumbun gida guda.

To me za mu yi? Abu kaɗan ne, kuma tabarma ta isa. Wani masanin ƙashin baya a jami'ar Waterloo ta Kanada, Stuart McGill, ya shafe shekaru yana nuna cewa babban aikin tsakiyar jiki shi ne ta tsaya daram ta hana baya lanƙwashewa a ƙarƙashin kaya. Don haka ku koya mata tsayawa. Ka kifa ciki, ka ɗaga jiki kan gwiwar hannu da yatsun ƙafa, ka miƙe kamar azara, kana numfashi; shi ne masu wasanni ke kira genaj. Daƙiƙa 10 zuwa 20, ka huta, ka maimaita. Ka yi irinsa a kan kwiɓin dama, ka yi a na hagu. Ka durƙusa kamar mai rarrafe, ka miƙa hannun dama gaba da ƙafar hagu baya, ba tare da ƙugu ya karkace ba, sa'an nan ka sauya. Ka ɗauki bido mai lita 10 a hannu ɗaya ka yi tafiya a miƙe, kar ka bari ya rinjaye ka. Kwana biyu ko uku a sati ya wadatar, ka haɗa da tafiya mai sauri ko ƙwallo ko keke, aƙalla minti 150 a sati.

In za ka ɗauki buhu, ka matso kusa da shi har ya taɓa ka. Ka lanƙwasa gwiwa, ka tura ɗuwawu baya, ka shaƙi iska ka ɗaure ciki kamar wanda za a nausa, ka tashi da ƙafafu. In za ka juya, ka juya da ƙafa, ba da ƙugu ba. In ya fi ƙarfinka ka kira wani, ba a ba da takobi a kan buhun gero. Ka ci abincinka: tuwo, wake, gyaɗa, nono, zogale, ƙwai in ya samu. Ka yi barci. In kuma ciwon baya ya zo da mutuwar ƙafa, ko kasa riƙe fitsari, ko zazzaɓi, ko ka ga kumburi ya ɓullo a mara in ka yi nishi, wannan ba na tabarma ba ne, ba na mai tallan magani a tasha ba ne, likita za ka tafi a ranar.

In bayan duk wannan layi sun fito maka, to barka, ka yi hotonka, ba wanda ya hana. In ba su fito ba, ba abin da ka rasa.

Duk wanda ya bi hanyar nan daga Magarya zuwa Dungas da damina ya ga gawo a gonaki. Lokacin da kowane icce ke taƙama da ganye, shi tsirara yake tsaye kamar ya mutu. Baƙo sai ya ce a sare shi. Manomi kuwa ya san saiwarsa ta yi nisa a ƙasa, ya san geron da ke gindinsa ya fi na ko'ina, ya san da rani, in kowa ya bushe, shi zai ba dabbobi abinci da inuwa. Shi ya sa iyayenmu suka bar shi ya cika gonaki.

Ni dai yau layina sun tafi, tuwon dare ya dawo. Amma kakar bara ni da Kawu muka loda amalanke, na kuma tashi washegari na yi salla a tsaye. Ya dube ni ya ce: "To mushe, yanzu ka fara karatu."

Akwai tabarmi a can gefe, akwai igiya. Wanda ya yarda da kansa ya taso mu gwada, maza a nan, mata a can tare da ƴan'uwanmu mata. Alhaji na baya, da ku za mu fara. Allah ya ba mu lafiya mai amfani, ya ba iyayenmu mata hutu.